Peter Tomich: baƙon da lambar yabonsa ta shekara 64 tana neman gidansu

A watan Maris na 1942 gwamnatin shugaba Franklin Roosevelt ta ba wani sojan ruwa mai suna Peter Tomich lambar Medal of Honor, wadda babu ta sama da ita a duk lambobin jarumta na sojan Amurka. Mutumin ya riga ya mutu wata uku kafin nan, gawarsa ma tana cikin jirgin da ya kife da shi a harin da Japan ta kai tashar jiragen yaƙin Amurka ta Pearl Harbor. Bisa al'ada, idan mai lamba ya rasu, iyalinsa ake kira a damƙa musu. Sai rundunar sojan ruwa ta ɗauko fayil ɗinsa, ta duba gurbin da kowane soja yake rubuta wanda za a sanar idan ta Allah ta kasance. Suna ɗaya tak aka tarar: John Tonich, ɗan uwansa, mazaunin Los Angeles. Aka aika saƙo, saƙo ya dawo, babu mai wannan suna a adireshin. Daga nan lambar ta shiga yawon da ba ta gama ba sai a 2006.

Sunan da ya ɓata a hanya

An haife shi ranar 3 ga Yuni 1893 a Prolog, wani ƙauye kusa da garin Ljubuški a yankin Herzegovina, dab da iyakar Kuroshiya ta yanzu. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙarancin ƙasar noma, inda taba da inabi ne abin dogaro. Turkawan Daular Usmaniyya sun mulki yankin ɗaruruwan shekaru, sannan daular Ostiriya da Hangari ta karɓe shi a 1878, ta haɗe shi da kanta baki ɗaya a 1908. Mutanen gidansu Kuroshiyawa ne mabiya ɗariƙar Katolika. Samarin wannan yanki a wancan zamani tururuwa suke yi zuwa Amurka ci-rani, su shiga ramukan kwal da masana'antun ƙarfe, wasu su dawo da ɗan abin da suka tara, wasu kuma shiru kake ji. Shi ma a 1913, yana ɗan shekara 20, ya bi sahu.

Sunansa na yanka Petar Herceg. Amma a ƙauyen da gidaje da yawa suke amsa sunan zuriya ɗaya, dole kowane gida ya samu laƙabin da za a bambanta shi da shi, kamar yadda a wurinmu za ka ji gidan Maƙera ko gidan Liman. Laƙabin gidansu Tonić. Da ya je Amurka sai ya ajiye Herceg ya ɗauki laƙabin. Turancin Amurka ba shi da harafin ƙarshen nan mai ɗan layi a ka, sai ya koma Tonich, daga bisani a takardun soja harafi ɗaya ya sake ya zama Tomich. Petar kuma ya zama Peter. Ke nan mutumin da aka yi wa baftisma da suna Petar Herceg ya mutu da suna Peter Tomich, kuma babu wata takarda a hannun gwamnatin Amurka da ta haɗa sunayen biyu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarihin sojan mulkin mallaka a ƙasarmu. Da yawa daga kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin Bama, akawun Bature ya rubuta su da sunan garinsu ko laƙabin da aka ji ana kiransu da shi ranar ɗaukar kurata. Mai neman irin wannan soja a takarda da sunan da uwarsa take kiransa, sai ya sha wuya.

Daga sojan ƙasa zuwa ɗakin wuta

Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a Afrilun 1917, shi kuma ya shiga sojan ƙasa a watan Yuni na shekarar, a sansanin Fort Slocum na jihar New York. Akwai abin mamaki a nan. Har lokacin a takarda talakan sarkin Ostiriya ne, kuma ranar 7 ga Disamba 1917 Amurka ta ƙaddamar da yaƙi a kan daular Ostiriya da Hangari. Wato ya wayi gari sanye da kakin ƙasar da take yaƙi da ƙasar haihuwarsa. A lura da ranar: shekara 24 cif bayan nan, ranar 7 ga Disamba, ya mutu.

A watan Mayun 1918 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta sauƙaƙa wa baƙin da ke cikin soja samun takardar zama ɗan ƙasa, ba sai sun cika shekara biyar ɗin da ake nema ba. A Oktoban shekarar Tomich ya zama ɗan Amurka. Aka sallame shi daga sojan ƙasa a Janairun 1919, kwana goma kacal bayan haka ya shiga sojan ruwa. Bai ƙara fita ba.

Aikin da ya koya ba shi da wani kwarjini. Jiragen yaƙin wancan zamani da tururi suke tafiya. Can ƙasan jirgi, ƙasa da bakin ruwan teku, akwai manyan tukwanen ƙarfe cike da bututai, ana hura musu wuta da kwal ko baƙin mai, ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururin ya juya injin da ke tura jirgi, ya kuma ba da wutar lantarki. Ma'aikatan wannan wuri tun zamanin kwal ake musu laƙabi da baƙar tawaga, saboda ƙurar da suke fitowa da ita. Zafin wurin kuwa, bazarar Sakkwato albarka. Ba su ganin rana, ba su ganin abokin gaba, idan ana yaƙi sai dai su ji rugugi ta jikin ƙarfe.

A cikinsu akwai mai kula da ruwan tukunya, wanda a Turance suke kira watertender. Idonsa kullum yana kan wata 'yar kwalba doguwa da ke jikin tukunya, mai nuna inda ruwa ya tsaya. Idan ruwan ya yi ƙasa, bututai su ƙone su fashe. Idan ya yi yawa, ruwa ya bi tururi ya shiga inji ya kakkarya shi. Tsakanin biyun tazarar 'yan yatsu ce, kuma jirgi yana tangaɗi a kan igiyar ruwa, ruwan cikin kwalbar yana hawa yana sauka. Mutum ya tsaya awa huɗu yana kallon wannan, ya huta, ya dawo, shekara da shekaru. Jirginsa na farko shi ne Litchfield, ƙaramin jirgin yaƙi mai gudu. Zuwa 1930 ya kai muƙamin Chief Watertender, shugaban masu wannan aiki, wanda a lokacin shi ne ƙarshen tsani ga sojan da ba hafsa ba. A sojan ƙasa sai a ce kusan sajan manjo: hafsoshi su ba da umarni, amma shi ne ya san kowane bawul da sunansa da halinsa.

Jirgin da aka ajiye don a riƙa jifansa

Utah, jirgin da Tomich yake aiki a cikinsa a 1941, tsohon jirgi ne. An ƙaddamar da shi aiki a 1911 yana cikin manyan jiragen yaƙin Amurka, tsawonsa ya kai mita 159, da manyan igwa goma. Ya je Veracruz ta Meziko a 1914, ya yi zaman gadi a gaɓar Ailan a yaƙin farko. Yarjejeniyar rage jiragen yaƙi da aka yi a Landan a 1930 ce ta karya masa fiffike. Aka cire masa manyan igwansa, aka mayar da shi abin koyon saiti: a sarrafa shi da rediyo daga nesa, jiragen sama su riƙa sako masa bama-baman gwaji. Ana kuma koyar da harbo jiragen sama a kansa. Don kada bama-baman gwajin su huda bene, sai aka shimfiɗa manyan katakai masu kauri a kansa, aka kuma rufe bindigogin da suka rage da rumfunan ƙarfe. Waɗannan katakai da aka sa don kariya, su ne za su zame wa mutanen jirgin masifa.

A ƙarshen makon farko na Disambar 1941 Utah ya shigo Pearl Harbor, a tsibirin Oahu na Hawai, aka ɗaure shi a yammacin ɗan tsibirin Ford, wurin da jiragen dakon jiragen sama suka saba tsayawa. Su kuwa ranar duk ba sa nan: Enterprise yana hanyar dawowa daga tsibirin Wake, Lexington ya nufi Midway, Saratoga yana San Diego. Su ne abin da Japan ta fi so ta samu.

Minti goma sha ɗaya

Safiyar Lahadi, 7 ga Disamba, jiragen sama 353 na Japan suka taso daga jiragen dako shida, rukuni biyu. Shugabannin harin sun san Utah, sun san ba shi da amfanin da za a ɓata masa makami. Jagoran ayarin da ya biyo ta wannan gefe ya gane shi ya wuce. Amma wasu matuƙa daga jirgin dako Soryu suka sako masa topido, wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa. Biyu suka same shi a gefen hagu da misalin ƙarfe 8:01, daidai lokacin da ake ɗaga tuta. Wani topidon kuma ya samu jirgin Raleigh da ke ɗaure kusa.

Ruwa ya fara kwarara ciki, jirgi ya fara karkata. Kwamandan jirgin yana tudu, babban hafsan da ke ciki shi ne Laftanar Kwamanda Solomon Isquith, injiniyan jirgin, kuma bai daɗe ba ya ba da umarnin kowa ya fita. Da karkatar ta yi tsanani sai katakan nan suka fara zamewa, suna toshe ƙofofi, suna faɗa wa waɗanda suka riga suka yi tsalle cikin ruwa. Daga sama kuma jiragen Japan suna ɓarin harsashi. Waɗanda suka yi iyo suka kai tsibirin Ford, wani rami da ake haƙawa don shimfiɗa bututu suka faɗa suka fake.

Kowa yana hawa sama, Tomich yana ɗakin wuta. A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin wanda bai san tukunyar tururi ba zai ce ganganci ne. Jirgin yaƙi ko yana ɗaure ba a kashe masa wuta gaba ɗaya, domin lantarki da famfuna duk da tururi suke aiki. Duk direban da ya taɓa buɗe murfin lagireto mota tana zafi ya san abin da ruwan da aka matse yake yi idan ya samu ƙofa, kuma kowane bakanike zai gaya maka abin da ke faruwa idan ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. To a ninka wannan sau dubbai. Tukunya mai wuta a ciki, cike da tururin da aka matse, ruwan teku mai sanyi yana shigowa, jirgi yana juyawa ruwan cikin tukunyar yana barin bututan da wuta ke ci. Idan ta fashe, waɗanda ke kan tsani suna ƙoƙarin fita tururi zai dafa su da ransu, waɗanda ke iyo a gefen jirgi ma ba lallai su tsira ba.

Kashe tukunya kuma ba maɓalli ɗaya ba ne. Sai an datse man da ke zuwa murhu, a rufe manyan bawul na tururi, a sauke matsin da ke ciki, kowanne da hannu ake murɗa shi, kuma a jere yake, ba a tsallake. Ana yin haka ne a ɗakin da daɓensa yake komawa bango, ruwa yana hawa. Tomich ya kori yaransa su hau, shi ya tsaya yana bin bawul ɗaya bayan ɗaya. Takardar lambar yabonsa gajera ce ƙwarai. Abin da ta ce shi ne: ya san jirgin kifewa yake yi, amma ya tsaya a bakin aikinsa har sai da ya ga an kashe duk tukwane, kuma duk ma'aikatan ɗakin wuta sun fita, ta haka ya rasa ransa. Da ƙarfe 8:12 igiyoyin da aka ɗaure Utah da su suka tsinke, ya kife, gindinsa ya koma sama. Tukwanen ba su fashe ba.

Yana da shekara 48, kusan 23 daga ciki a sojan ruwa. Mafi yawan yaran da ya kora sama ya haife su. Abin da ya fi tsaya mini a wannan labari shi ne babu harbi a ciki ko ɗaya. Bai ga Bajapane ba, bai riƙe bindiga ba. Aikin da ya yi sau ɗaruruwa a ranakun da babu wanda ya kula, shi ya sake yi, a jere, ba tare da tsallake ba, a ranar da yin sa yake nufin ba zai fita ba. Wanda ya shafe shekara 22 a ɗakin wuta ba ya buƙatar a gaya masa minti nawa suka rage.

Ba shi kaɗai ya tsaya ba. Wani matashi, John Vaessen, ya zauna a wurin na'urar lantarki don kada fitilu su mutu mutane su rasa hanyar fita, har jirgin ya kife da shi. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya rarrafa zuwa gindin jirgin da ya koma sama, ya riƙa buga ƙarfe da sifana. Waɗanda suka tsira suka ji bugun, suka koma kan jirgin ana harbi, aka aro abin yankan ƙarfe daga Raleigh aka huda aka zaro shi. An ba shi lambar Navy Cross. Mutum 58 ne suka mutu a Utah, 461 suka tsira. A harin baki ɗaya Amurkawa 2,403 suka mutu, 1,177 a jirgin Arizona kaɗai, shi ya sa Arizona kowa ya sani, Utah kuwa ake ce masa jirgin da aka manta. Sojan ruwa 15 aka ba Medal of Honor saboda wannan rana a Pearl Harbor, goma daga ciki bayan sun mutu.

Lamba marainiya

Ɗan uwan da ake nema ya daɗe da tattara nasa ya nasa ya koma gida. Tomich bai sake sunan da ke cikin fayil ba, haka ya zauna shekara da shekaru. Sai hukuma ta rasa wanda za ta ba, ta shiga dabara.

Da farko aka sa wa wani sabon jirgin rakiya sunansa, USS Tomich, wanda aka ƙera a Houston ya fara aiki a 1943, yana raka ayarin jiragen kaya a tekun Atlantika. A farkon 1944 aka kai lambar cikin jirgin aka rataye, ma'aikatansa suka zama kamar magadansa. Da aka ajiye jirgin a 1946 sai lambar ta sake zama ba mai ita. A 1947 gwamnan jihar Utah, Herbert Maw, ya ayyana Tomich ɗan jihar na girmamawa, jihar ta karɓi riƙon lambar ta ajiye a ginin majalisarta. Mutumin da alaƙarsa da Utah sunan jirgi ne kawai, ga shi jiha guda ta zama waliyyiyarsa. A 1963 rundunar ta karɓi abinta ta kai gidan tarihinta a Washington. A 1989 kuma aka sa sunansa a ginin makarantar manyan sojojin da ba hafsoshi ba da ke Newport, jihar Rhode Island, Tomich Hall, aka baje lambar a can, ɗalibai suna wucewa ta gabanta kullum.

Idan za a yi adalci, a 1942 ko da an san ƙauyen babu wasiƙar da za ta isa. Jamus da Italiya sun mamaye Yugoslabiya, ƙasar da ƙauyen yake ciki a lokacin, tun Afrilun 1941, Prolog ya faɗa ƙarƙashin gwamnatin 'yan amshin shatan da suka kafa a Kuroshiya, wadda ita ma ta shelanta yaƙi da Amurka a wannan Disamba. Karo na biyu ke nan da ƙasar haihuwarsa ta zama abokiyar gaban ƙasar da yake wa aiki. Amma yaƙi ya ƙare a 1945, kuma Amurka tana da jakada a Belgrade, babban birnin Yugoslabiya, duk zamanin shugaba Tito. Shekara 50 aka yi bayan nan babu wanda ya ɗauki jaka ya je ya tambaya. A ganina sa wa jirgi suna da sa wa gini suna abu ne mai sauƙi ga hukuma, takarda ce a sa hannu. Neman dangin talaka a ƙauyen da ba a iya furta sunansa ba, shi ne aikin da ba a ba kowa ba, don haka babu wanda ya yi.

Shi ma marigayin yana da nasa kason. Ɗan ci-ranin da ya bar gida yana saurayi, ya sake suna, ya sake ƙasa, ya mayar da bariki gidansa, shi da kansa yake tsinke zaren da za a bi a same shi. Mun san irinsu. Akwai gidaje a ƙasar Hausa da har yau ake cewa wani kawu ya tafi Kurmi ko Gwanja ko ya bi hanyar Makka ta Sudan a ƙafa, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wataƙila a can ya zama wani abu da wani suna, gida ba su sani ba.

Lauyan da ya ƙi haƙura

Wanda ya ɗauki jakar a ƙarshe shi ne J. Robert Lunney, lauya kuma Riya Admiral a rundunar sa-kai ta ruwa ta jihar New York. Shi ma yana da nasa tarihin: yana cikin hafsoshin jirgin kaya Meredith Victory, wanda ya kwashe 'yan gudun hijira kusan 14,000 daga tashar Hungnam a tafiya ɗaya a Disambar 1950, lokacin yaƙin Koriya. Mai irin wannan tarihi ya san abin da ake nufi da mutum ya bar gida babu takarda.

A 1997 ya fara bincike, shekara biyu bayan ƙarshen yaƙin Bosniya. Ya tafi har Prolog. Abin da takardun gwamnati suka kasa, littattafan coci suka yi. Limaman Katolika 'yan ƙungiyar Faransiskan na yankin suna riƙe da rajistar baftisma da aure da mutuwa, wadda ta tsallake daula bayan daula: Ostiriya, masarautar Yugoslabiya, mamayar yaƙi, kwaminisanci, har zuwa Bosniya ta yau. A ciki aka ga Petar Herceg na gidan Tonić, aka ga ɗan uwansa da ya je Amurka ya dawo, aka ga zuriyarsa suna nan da ransu. Mutanen ƙauye kuwa ba su taɓa rikita Herceg da Tonić ba, a wurinsu gida ɗaya ne.

Mai karatu zai zaci an gama. Ina! Rundunar sojan ruwa ta ƙi. Hujjarta biyu: sunayen ba su yi daidai da abin da ke fayil ba, kuma a wurinta an riga an miƙa lambar tun 1944. Lunney ya je kotun gado ta New York aka naɗa shi mai kula da abin da Tomich ya bari, sannan ya maka gwamnati a kotun tarayya yana neman a ba shi lambar ya kai wa dangi. Kotu ta ce ba ta da hurumin shiga maganar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2003. A shari'a dai ya faɗi warwas.

Taka-tsantsan ɗin rundunar ba shirme ba ne gaba ɗaya. Lamba irin wannan, wadda tun da aka ƙirƙiro ta a 1861 mutum 3,500 da 'yan kai kawai suka samu, ba a miƙa wa duk wanda ya zo ya ce shi dangi ne. Sai dai fiye da 700 daga masu lambar a wajen Amurka aka haife su, kusan ɗaya cikin biyar ke nan. Hukumar da baƙi suka yi wa irin wannan hidima ya kamata a ce ta san cewa sunan baƙo a fayil sau da yawa ba shi ne sunansa a gida ba, kuma kuskuren harafin ma a ofishinta aka yi shi.

Abin da kotu ba ta yi ba, naci da surutun jaridu da matsin ƙungiyoyin Kuroshiyawan Amurka suka yi. Siyasa ma ta taimaka, domin a lokacin Kuroshiya tana neman shiga ƙungiyar NATO, dangantakarta da Amurka tana ƙara ɗumi. Rundunar ta sake duba hujjojin, ta amince.

Ranar 18 ga Mayu 2006 jirgin dakon jiragen sama Enterprise ya tsaya a gaɓar birnin Split na Kuroshiya. Ba wancan Enterprise ɗin da Japanawa suka nema ba su samu ba a Pearl Harbor ba ne, magajinsa ne mai aiki da nukiliya, wanda shi ma a ƙarshe tururi ne yake juya injinsa. A kan benensa Admiral Harry Ulrich, kwamandan sojan ruwan Amurka a Turai, ya miƙa lambar ga jikan John Tonich, wani laftanar kanar mai ritaya na sojan Kuroshiya. Wato jikan mutumin da aka aika wa saƙo a 1942, saƙon ya dawo. Lunney yana wurin. Daga Split zuwa Prolog tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce a mota.

Shi kansa Petar bai koma ba. An yi ƙoƙarin tayar da Utah a 1943 da 1944 da irin na'urorin da aka tayar da jirgin Oklahoma, wanda shi ma ya kife a harin, ya ɗan mirgino, ya zame a cikin laka, aka haƙura aka bar shi. Gawa huɗu kawai aka ciro daga cikin 58. A 1972 aka gina ɗan dandamali da sandar tuta a gefensa, a ɓangaren tsibirin Ford da ke cikin sansanin soja, inda masu yawon buɗe ido ba su cika kaiwa ba. Daga kan dandamalin ana ganin gefen jirgin ya yi tsatsa ya leƙo saman ruwa, sauran mutum 54 suna ciki, har da shugaban ɗakin wuta.